Sababbin Tayoyin Ƙadangaruwa

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekara biyu bayan an mai da Gusau babban birnin jiha, ina aji huɗu na firamare. Na dawo daga kai niƙa ɗauke da kwanon gari a ka, na shawo kwanar lungunmu ke nan, sai na tarar da jama'a sun yi cirko-cirko a ƙofar gidanmu. Har mai shayin bakin titi ya bar tukunyarsa a kan wuta ya zo ya tsaya, hannu a ƙugu. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na kutsa ta tsakanin manya ina dafe da kwanona, sai ga motar Baba a tsaye, amma da ƙyar na gane ta. Jikin dai nata ne, koren nan mai duhu irin na ganyen mangwaro, fitilunta biyu masu kama da idon mujiya suna nan, sai dai ƙafafun ba nata ba ne. An cire siraran tayoyin da muka sani, an sa mata wasu ƙattai baƙaƙe ƙirin, kowace ta kai faɗin turmin Inna, har sun ɗan leƙo waje daga jikin motar. Baba kuwa yana tsaye a gefe yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Motar ta kakana ce. Shi direba ne na wani Bature a kamfanin gurzar auduga, da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa ita. Kujera biyu gare ta kacal, rufinta na tanti ne da ake naɗewa baya, ga ta ƙasa-ƙasa kamar cikinta zai goge hanya, shi ya sa yaran unguwa suka sa mata suna Ƙadangaruwa. Kakana ya rasu tun ina goye, motar ta faɗo hannun Baba, ya riƙe ta kamar yadda ake riƙe Alƙur'anin gado. Malamin gona ne, mutum mai auna komai kafin ya yi, wanda ya shekara goma yana sa hula iri ɗaya. Da keke yake zuwa ofis. Ƙadangaruwa ba ta fita sai ranar Juma'a zuwa masallaci, da ranar Asabar in zai duba gonarmu ta Bungudu. Ba mai jingina da ita, ba mai aza mata ko da kofin ruwa. Ni kaɗai aka yarda in shiga garejin da take kwana, shi ma don sharar wurin tana cikin aikina na safe, bayan na ɗebo ruwa a rijiya na ba awaki dusa.

Daga baya na fahimci abin da ya kawo sauyin. Tsofaffin tayoyin sun cinye har zare ya fito, Baba ya nemi irinsu a Gusau bai samu ba, ya yi saƙo Kano da Kaduna, aka ce an daɗe da daina kawo su. Sai bakanikensa, Oga Sande, wani Bayarabe haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ba shi shawarar a sauya har da wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, a sa na wata mota mai faɗi. Da aka gwada, Baba ya ga yadda motar ta zauna daram kamar ɗan dambe, abin ya shiga ransa. A ranar nan, bayan jama'a sun watse, ina zaure ina kaɗe garin da ya zubo mini a kallabi, na ji Oga Sande yana magana daga inda ya tsuguna a gindin tayar baya. Ya ce akwai wani leɓen ƙarfe ta ciki da bai fi yatsa ɗaya tsakaninsa da taya ba. "Malam, in an ɗora mata kaya ko ta faɗa rami, za su haɗu. Bari in doke shi da guduma ya kwanta, ai ko gani ba a yi." Baba ya daina murmushi. Ya ce motar mahaifinsa ce, guduma ba za ta taɓa ta ba, ko a inda ido ba ya gani, kuma shi ba mai gudu ba ne, ba ya kuma lodi. Oga Sande ya goge hannunsa da tsumma, ya ce to, Allah ya tsare.

Cikin gida ma an sha mamaki. Inna ta leƙa ta ƙofar zaure, ta dawo ta ci gaba da tankaɗe, sannan ta ce ita dai ba ta san Malam da son a kalle shi ba. Kaka, mahaifiyar Baba, wadda sunanta na ci har ake kirana Uwani, ta dogara sandarta ta je ta zagaya motar sau ɗaya. Ba ta kiran sunan Baba saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce malamin gona. "Malamin gona ya sa wa akuya kofaton raƙumi," in ji ta, ta koma ɗakinta. A makaranta kuwa na zama abin nuni. Yaran da ba su taɓa kula ni ba suka riƙa ba ni gurjiya da alewa don in faɗa musu ko gaskiya ne motar tana iya hawa dutse yanzu. Na ce musu tana iyawa.

Bayan fitar Baba ta farko zuwa Bungudu, ina shara da safe, na zura tsintsiya ƙarƙashin motar, sai ta jawo wasu baƙaƙen zaruruwa masu laushi, a nannaɗe kamar gashin da aka warware daga kitso. Na ɗauka na ja, suka miƙe suka koma. A lokacin ba abin da ya ɗauke mana hankali ni da ƙawayena irin 'yar tsana. Da totuwar masara muke yin su, mu ɗaura musu ƙyalle daga shagon tela, mu zana ido da gawayi, amma gashi kullum shi ne matsalarmu, don gemun masara yana bushewa ya kakkarye cikin kwana biyu. Na narka ƙaro, na liƙa zaruruwan nan a kan 'yar tsanata, ta fito da gashi baƙi wuluk mai sheƙi wanda ba ya karyewa, har kitso yake ɗauka. Tun daga nan duk safiyar Lahadi nake ɗokin shiga gareji. Da na gane daga bayan tayar hagu suke fitowa, sai in kwanta rub da ciki, in zura hannu can ciki, in tsinko su daga jikin wani ƙarfe mai kaifi inda suke maƙale. Nakan samu da yawa ranar da Baba ya ɗoro 'yar masara ko dankali daga gona. Na samu gwangwanin madara na riƙa tarawa, ban gaya wa kowa inda nake samu ba don kada ƙawayena su yi mini rububi. Kafin hatsi ya fid da kai ina da 'yan tsana bakwai, duk unguwar ba mai irinsu. Na ji maganar Oga Sande da kunnena, amma ko sau ɗaya ban haɗa ta da abin da ke cikin gwangwanina ba.

Wajen ƙarshen damina ƙanwar Baba da ke aure a Tsafe ta haihu. Kaka ta ce ba za ta shiga motar haya a matse mata ƙafa ba, a motar mijinta za ta je suna. Ranar da za mu tafi aka ɗaure buhun masara a kan murfin but a baya, aka cusa jarkar man gyaɗa da ƙullin kayan jariri, aka naɗe rufin. Kaka, wadda mace ce mai jiki, ta zauna a gaba, ni kuma aka dasa ni a ɗan sararin da ke bayan kujeru, gwiwoyina a haɓata. Motar ta yi ƙasa sosai, har Inna ta ce ko a rage kaya, Baba ya ce ai ba nisa. Muka fita da hantsi. Iska tana kaɗa mini kallabi, dawa ta yi tsayi hagu da dama, duwatsun Kwatarkwashi sun yi shar da ciyawa, Kaka tana nuna mini inda suka taɓa tsayawa da kakana suka sayi rake. Duk lokacin da muka hau wani tudu ko muka faɗa ɗan rami, nakan ji wani ƙuuu a ƙarƙashina, da warin roba mai ƙuna. Na ɗauka haka mota take yi.

Mun wuce duwatsun da kaɗan sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a kunnena. Bayan motar ya zame gefe, na ga Baba yana kokawa da sitiyari, na ga kwalta ta juya ta koma inda gona take. Muka gangara, muka tsallake kwata, karan dawa suna dukan gilashi, sannan muka daki suri. Ban san na tashi sama ba, na dai tsinci kaina kwance tsakanin kunya biyu, ina kallon ganyen dawa da sararin sama, ko'ina tsit. Wani abu mai ɗumi yana bin wuyana da hannuwana. Na tabbata jini ne, na kwanta ina jiran mutuwa, sai da ƙanshin ya doki hancina na gane man gyaɗa ne. Na miƙe na bi karan da suka kwanta har inda motar take. Baba yana zagaya ta, jini na zuba daga goshinsa, takalmi ɗaya a hannunsa, yana kiran Uwani, Uwani. Na tsaya a gabansa, yana kallona amma bai daina kira ba, sai da na kama rigarsa. Kaka tana zaune a kujerarta ba ta motsa ba, tana salati a hankali, ta ɗora hannunta na dama a cinya. Hannun ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa.

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Manoma suka yar da fartanyoyinsu suka sheƙo ta cikin dawa, wata Bafillatana ta sauke ƙwaryar nononta ta wanke mini fuska da ruwan gorarta, ta riƙe ni a jikinta duk da man da na shafa mata. Mai gonar da muka ɓarnata shi ya cire rawaninsa ya ɗaure wa Baba goshi, da Baba ya fara ba shi haƙuri kan dawar sai ya ce ya bar wannan magana. Wata motar ɗaukar kaya ta tsaya, aka kama Kaka aka sa ta a gaba don a kai ta asibitin Tsafe. Kafin mu tashi, maza wajen goma suka sa hannu suka ɗaga Ƙadangaruwa cak suka fito da ita bakin hanya. A nan na ga tayar. Ta tsage ta ciki tun daga sama har ƙasa kamar kifin da aka feɗe. Wani dattijo ya tsuguna ya bi gefenta da yatsa, inda wani kwari ya zagaye ta kaf, ya ce, "Wagga taya an daɗe ana fiƙe ta. Ku duba, kamar da wuƙa." Ya zura hannu bayanta, ya fito da 'yan baƙaƙen zaruruwa a nannaɗe, ya murza su ya watsar. Na zauna daɓas a bakin kwalta. Aka ɗauka buguwa ce.

Ba mu ga suna ba. Aka ɗaure wa Kaka hannu a asibiti, da muka dawo Gusau ta sa aka kira mai ɗori ya sake dubawa. Kwana tara na yi ina ɗauke da abin a raina. A tunanina na yarinya, ni na cinye tayar, ni na riƙa tsinke naman jikinta kaɗan-kaɗan har ta mutu, don in yi wa totuwa kitso. Na tura gwangwanin da 'yan tsanan can ƙarƙashin gadon Inna, bayan tsofaffin kwanoni. Na daina fita gaɗa, tuwo ya daina wuce mini, a aji malam ya yi mini tambaya sau uku ban ji ba. Inna ta ce firgita ce, ta sa aka yi mini rubutu na sha. Baba kuwa ya rufe garejin da kwaɗo bayan an jawo motar, ya daina zama a ƙofar gida da yamma.

Rana ta goma da safe na shiga gai da Kaka, na tarar tana ƙoƙarin shan koko da hannun hagu, ludayin yana rawa, kokon yana zuba a zanenta. Ita ce mai yi mini kitso tun ban san kaina ba, da wannan hannun da ke naɗe cikin kara da tsumma. Ta dube ni ta ce, "Takwara, kanki ya tsufa, ga shi ni kuma an ɗaure ni." Na fita da gudu, na jawo gwangwanin da 'yan tsanan, na kai su gaban Baba inda yake zaune a tabarma a tsakar gida. Na jera su, na zazzage gwangwanin, na ce ni ce na ɓata tayar, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. Ya daɗe yana kallon tarin robar. Ya ɗauki 'yar tsana ɗaya, ya shafa kitson, ya ja zare guda ya ga ya miƙe ya koma. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun zuwansa Bungudu na farko. Ya tambaya a ina, na faɗa masa. Sai ya rufe fuskarsa da tafin hannu biyu. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi haka ba, tsoron da na ji ya fi na ranar haɗarin. Da ya buɗe, ya jawo ni ya zaunar kusa da shi. "Uwani, ba ke kika yanke ta ba. Ƙarfe ne ya yanke ta, kuma an gaya mini. Ke kin sunkuya kin gani, ni wata biyu ina shafa wa motar mai a sama, ban sunkuya ba ko sau ɗaya."

Kaka tana jin mu daga bakin ƙofarta. Ta tambayi wane ne ya gaya masa, mi aka gaya masa. Baba ya sunkuyar da kai ya ba ta labarin gudumar da ya hana a buga. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce ashe saboda wannan ne hannunta ya karye. Ta ce marigayi ya bugi motar nan da guduma ya fi a ƙirga, ya ɗauko taki da ita, ya ɗauko tumaki, ya taɓa faɗawa rafi da ita a hanyar Mada, ƙofar hagu ma da gangar mai aka lallaɓa ta, ita da kanta ta riƙe masa fitila. "Shi mota ya ɗauke ta. Malamin gona ne ya mai da ita kabari." Baba ya ɗago ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Shekara tara yana tsaron fentin da ya ɗauka daga Turai ya zo, alhali mahaifinsa ne ya shafa shi da burushi a wannan tsakar gidan.

Washegari ya je da kansa ya zo da Oga Sande. Aka ɗaga motar a jak, aka cire tayoyin baya, bakaniken ya nuna masa leɓen ƙarfen, ya yi fari ƙal don gogayya. Bai ce na gaya maka ba, ya dai miƙa hannu zai ɗauki guduma. Baba ya riga shi. Ya cire babbar rigarsa ya ba ni na riƙe, ya kwanta a ƙasa da farar singileti, Oga Sande yana nuna masa inda zai doka. Bugun farko ya tsaya ya rufe ido. Bayan nan ya yi ta bugu har ƙarar ta tara yaran unguwa, har Inna ta fito zaure tana kallo, hannu a baki. Da aka mai da tayoyin, ya sa aka ɗora buhu biyu a baya, ya kira ni ya ce in zura hannuna, tunda nawa ne ƙarami, in gaya masa ko akwai inda ya taɓa. Na zura, na ce babu. Daga ranar, duk fitar da zai yi sai ya tsuguna ya leƙa, wani lokaci da kayan Juma'arsa.

Bayan girbi, da aka kwance ɗorin, ya kai mahaifiyarsa Tsafe ta ga jikanta, a wannan motar, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. A hanya ya tsaya ya kai wa mai gonar nan goro da turmin atamfa na iyalinsa. Hannun Kaka ya warke amma yatsun ba su ƙara rufuwa sosai ba. Ba ta sake yi mini kitso ba har ta koma ga Allah. Sai dai ta zaunar da ni a gabanta tana faɗa mini yadda zan raba gashi, ina gwadawa a kan ƙannena, da haka na koya.

Yanzu Baba ya tsufa, idonsa ba ya ganin hanya, motar tana gareji a kan duwatsu, jikokinsa suna ɗaukar hoto a jikinta da waya. Gonar Bungudu mun daɗe ba mu taka ta ba. Ni ma ina tuƙi, kuma aiki yakan kai ni Tsafe, amma sai na yi waya na tambayi lafiyar hanya kafin in fita, in kuma tabbata na dawo da sauran rana. In na zo daidai wurin nan nakan rage gudu kaɗan, ba na tsayawa, ba mai tsayawa. Gonakin bakin hanya da yawa sun koma ciyawa, in mota ta lalace a wajen, masu wucewa sai dai su ƙara mai suna addu'a. Nakan tuna mutanen da suka yar da fartanya suka sheƙo wajenmu ba su san ko su wa muke ba, da matar da ta rungume ni ina naso da man gyaɗa. Ashe ko a ranar da na fi firgita a rayuwata, cikin aminci nake.